Ƙidayar shaho da shirwa a kakar Maraɗi: ina za a tsaya, yaya za a ƙirga?

Wani malamin kimiyyar halittu da ke koyarwa a nan Maraɗi ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga bidiyo a Facebook, mutane zaune a kan tsauni a ƙasar Jojiya, kowa da madubin hangen nesa, suna ƙirga tsuntsaye masu farauta da ke wucewa dubbai a lokacin kaka. Yana so ya fita da ɗalibansa bana su yi irin haka. Abin da yake son sani shi ne inda za su tsaya, da watan da ya dace, da yadda ake ƙirga abin da ke shawagi a sama ba tare da an maimaita ba.

Malam, gara in faɗa maka tun yanzu, kada ka kwashi yara ka kai su bisa tudu kana jiran abin da ka gani a bidiyon nan. Ba zai zo ba. Ba don tsuntsayen ba sa zuwa ƙasarmu ba, suna zuwa, wasu ma nan suke yin rabin shekararsu. Amma Maraɗi masauki ce, ba mashiga ba, kuma yadda ake ƙirga baƙo a ƙofar gari daban yake da yadda ake ƙirga shi bayan ya bazu cikin unguwanni. In ka gane wannan, sauran aikin mai sauƙi ne.

Wurin da ka gani Batumi ne, a bakin Bahar Aswad. Tun 2008 ake ƙidaya a can kusan kowace kaka, daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, kuma abin da suke samu yakan haura tsuntsu miliyan ɗaya. Dalilin cunkoson yana cikin yadda manyan tsuntsayen nan ke tafiya. Mikiya ko shirwa ba ta son kaɗa fiffike tun safe har yamma, ƙarfinta zai ƙare. Sai ta jira rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta fara tashi sama, ta shiga cikinta tana jewa har ta yi nisa, sannan ta miƙe fiffike ta zurara gaba tana raguwa a hankali har ta riski wata iskar mai tashi. Guguwar da muke gani da rani tana ɗaga ƙura da ledoji, 'yar'uwar wannan iska ce, ita dai ƙura ta tona mata asiri. To bisa teku ba a samun irin wannan iska mai ƙarfi, don ruwa ba ya zafi kamar ƙasa. Shi ya sa tsuntsayen ke gudun teku, su matsu a inda ƙasa ta tsuke. A Batumi teku ne a gefe guda, manyan duwatsu a ɗaya gefen. A mashigin Jibralta, tsakanin Sifaniya da Maroko, faɗin ruwan kilomita 14 ne kacal, can na yammacin Turai ke tsallakowa. Amma da zarar sun shigo Afirka, sahara ta buɗe musu, ko'ina akwai zafi, ko'ina hanya ce. Daga Muritaniya har Sudan suke bazuwa. Mu kuma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa da fadama, babu tsaunin da zai tattaro su wuri ɗaya.

Akwai kuma waɗanda ba su damu da mashiga ba tun asali. Masu siririn jiki da dogon fiffike, da ƙananan shahuna, suna iya kaɗa fiffike su tsallake Bahar Rum ta wajen Italiya ko Girka su faɗo Tunisiya da Libiya, su miƙo kudu. Da yawan baƙin da za ka gani a jiharmu irin waɗannan ne. Tafiyar ba wasa ba ce. Masu bincike a Suwidin da suka bi wasu tsuntsaye masu farauta da na'urar tauraron ɗan'adam sun buga sakamako a 2010, inda suka nuna kusan kashi 31 cikin ɗari na 'yan shekarar farko suna mutuwa wajen ƙetare sahara, manya kuwa kashi 2 ne.

Kafin maganar ƙidaya, dole yaranka su san cewa ƙaura biyu ce ke haɗuwa a samanmu cikin Satumba da Oktoba, kuma wannan shi ne abin da ya sa kakarmu ta fi ta Turai rikitarwa, ni a ganina ta fi ta daɗin kallo ma. Akwai baƙin da ke saukowa daga Turai da Asiya. Akwai kuma 'yan gida na Afirka da suka hauro arewa tare da damina, yanzu suna komawa kudu. Kowa ya san shamuwa, tana zuwa da ruwan farko, ta yi sheƙa a cikin gari, ta tafi in damina ta janye. Ita ba mai farauta ba ce irin waɗanda muke magana, amma tsarin tafiyarta shi ne na shirwa mai rawayan baki, da wani shaho mai jan fiffike da ke bin fara da gobarar daji, da wata 'yar farar shirwa mai wutsiya kamar almakashi wadda ke hayayyafa a yankin Sahel da damina. Duka ɓangarorin biyu kudu suka nufa, don haka alƙiblar tashi ba za ta raba maka su ba. Sai kun koyi kama.

Wanda nake so ku fara koya shi ne wanda masana ke kira Circus pygargus, littattafan Faransanci kuma busard cendré. In ka taɓa ganin wani siririn tsuntsu yana tafiya ƙasa-ƙasa bisa gona bayan girbi, fiffikensa a ɗage sama kaɗan, yana tangaɗi hagu da dama, kansa a sunkuye yana duban ciyawa, to shi ne ko ɗan'uwansa. Namijin ruwan toka ne, bakin fiffike baƙi, da baƙin zane a tsakiyar fiffiken. Akwai wani mai kama da shi da ya fi shi haske, kusan fari, baƙin bakin fiffikensa siriri ne kuma ba shi da wancan zanen. Matansu da 'ya'yansu kuwa duk ruwan ƙasa ne da farin tabo a gindin wutsiya, kuma har ƙwararru suna shan wuya wajen raba su daga nesa. A nan ne ɗalibi mai son burge malami yake fara ƙirƙira. Ka hana shi tun ranar farko. A takardarku ku ware layi na waɗanda ba a tantance ba, ka nuna musu cewa cika wannan layin ba abin kunya ba ne. Suna na ƙarya guda ɗaya ya fi layi goma na rashin tantancewa ɓarna.

Shirwa ba ta da wuyar ganewa, wutsiyarta mai baki biyu ce kuma tana murɗa ta tana tuƙi da ita. Wuyar tana wajen raba tamu da baƙuwa: tamu bakinta rawaya ne, ta Turai baƙi. Sai dai 'ya'yan tamu ma bakinsu da duhu yake kafin su girma, don haka in ba ku ga baki sosai ba, ku rubuta shirwa kawai. Akwai ƙananan jajayen shahuna masu tsayawa cak a iska suna karkaɗa fiffike kafin su faɗo. In kun gan su garke guda suna cafkar ƙwari a sama, galibi ƙaramin nau'in ne, Falco naumanni, wanda ke zuwa daga kudancin Turai da Asiya. Akwai mikiya mai cin maciji, mai ƙaton kai da farin ciki, tana son zama kan dogayen turakun lantarki. A tafkin Madarunfa kuma ku sa ido ga mai kamun kifi, fari a ciki, baƙin zane ya ratsa idonsa, yana faɗawa ruwa da ƙafafu. Waɗannan sun isa shekarar farko.

Abin da ke kawo yawancinsu abu ne da muka sani sarai: fara. Masu bincike daga Holand sun fara ɗaura wa wancan mai ruwan toka na'urar bin sawu tun wajen 2005, suka biyo shi har Nijar, kuma abin da suka tarar shi ne fara ce babban abincinsa a nan. Suka kuma ga ba ya zama wuri ɗaya. Yakan sauka a arewacin Sahel cikin Satumba lokacin da ciyawa ke da sauran ɗanye, in wurin ya bushe fara ta ragu sai ya matsa kudu, ya sake matsawa, kuma tsuntsu ɗaya yakan koma wuraren da ya saba shekara bayan shekara. Ma'anar wannan gare ku ita ce, abin da za a gani wajen Dakoro a ƙarshen Satumba yana iya zama wajen Madarunfa ko ƙetaren iyaka a Janairu. Wato farar da matanmu ke kamawa da sanyin asuba su soya da yaji, ita ce dai wani ya taso daga gonakin alkamar Turai dominta. Kuma duk inda aka yi feshin maganin fara mai guba, ku rubuta ranar, don zai shafi abin da za ku ƙirga a makonnin da ke biye.

Yanzu ga aikin kansa. Hanyar da ta dace da ƙasa irin tamu ita ce ƙidayar kan hanya, kuma tana da tarihi a nan. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar da mota tsakanin 1969 da 1973 yana rubuta duk mai farautar da ya gani. Ya dawo a 2003 da 2004 ya bi hanyoyin nan dai, a irin lokacin, da irin tsarin, sama da kilomita 8,000. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin ɗari a wajen gandayen da ake karewa, manyan mikiyoyi ma sun yi mummunar raguwa. Dattawanmu sun riga sun lura, suna cewa da can mahauta ba ta rabuwa da angulu, amma maganar baki ba ta shiga teburin masu yanke shawara sai da lissafi. A 2015 aka sa angulun da muka saba gani cikin gari a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Abin lura shi ne Thiollay bai yi wata dabara mai wuya ba. Darajar aikinsa gaba ɗaya ta fito ne daga maimaita abu ɗaya yadda aka yi shi da farko.

Ku zaɓi hanya guda wadda za ku iya komawa kanta kowane mako biyu ba tare da kuɗin mai ya karya ku ba. Hanyar Dakoro tana da kyau don tana ratsa gonaki ta nufi makiyaya. Ta Madarunfa tana ba da gulbi da fadama da tafki. In babu mota, ku yi da ƙafa: kilomita biyar a gefen Gulbin Maraɗi ko wajen gonakin noman rani na Jiratawa ya wadatar, muddin kullum wannan biyar ɗin ce. A mota, direba tuƙi kawai zai yi, kada ya wuce gudun kilomita 40 a awa, mutum ɗaya ya duba dama, ɗaya hagu, na uku ya riƙe takarda. Ku tashi wajen ƙarfe takwas, lokacin da iska ta fara ɗumi tsuntsaye suka fara tashi, ku tsaya kafin azahar, don da tsakar rana wasu sun yi sama har ido ba ya kai musu, wasu sun shige inuwa. Ana tsayawa a tantance tsuntsun da aka riga aka gani, amma ba a tsayawa a yi ta lalube don jerin ya yi tsawo. Wanda aka gani a hanyar dawowa ba a haɗa shi da na tafiya, takarda daban ake buɗe masa.

Kowane tsuntsu layinsa: lokaci, kilomita nawa daga mafari, iri, nawa ne, a zaune yake ko a sama, a kan me yake zaune, wane irin wuri ne, gona ce ko saura ko fako. A ƙarshe ku mayar da lissafin zuwa tsuntsu nawa a kilomita 100. In kun yi kilomita 60 kuka ga 15, kun sami 25 ke nan a kilomita 100. Wannan adadin ne za a iya gwadawa da na wata mai zuwa, da na baɗi, da na wani malami a Tasawa ko Mayahi. Kuma ga darasin lissafi kyauta.

Abu biyu ne mutane ke mantawa, su ne kuma ke kashe aikin. Na farko, ranar da ba a ga komai ba ita ma sai an rubuta ta, da tsawon hanyar da awannin da aka yi. Takardar da ke ɗauke da ranakun sa'a kaɗai ƙarya take yi ko da kowane layi nata gaskiya ne. Na biyu, hazo. Daga Nuwamba in iskar hunturu ta taso, nisan da ido ke kaiwa yana raguwa ƙwarai, sai ka ɗauka tsuntsaye ne suka ragu alhali ganinka ne ya gajarta. Ku sami wata alama tsayayya, eriyar waya ko hasumiyar masallaci da kuka san nisanta, kowace fita ku rubuta ko ana ganinta sarai, ko dishi-dishi, ko ba a ganinta.

In kuwa abin da kake so shi ne yaranka su ga taro irin na bidiyo, to makwanci za ku nema. Tsuntsayen da suka wuni a warwatse da yawa suna haɗuwa su kwana wuri ɗaya. A Janairun 2007 aka gano wani makwanci a tsibirin Kusmar kusa da Kaolak a Senegal, inda aka ƙirga ƙananan jajayen shahunan nan sama da 28,000 da farar shirwa mai wutsiyar almakashi wajen 16,000. Mutanen ƙauyukan wurin sun san da shi tun tuni, masana ne ba su sani ba. Ban ce za ku sami irin wannan ba, amma ko na tsuntsu talatin kuka samu kun yi babban kamu. Kada ku ɓata lokaci kuna yawo. Ku tambayi makiyaya da masu kwana a gona lokacin girbi ina suke ganin shahuna na taruwa in rana ta yi ja. Masu ruwan tokan nan a ƙasa suke kwana, cikin doguwar ciyawa ko saurar da sabara ta rufe. Jajayen kuwa bishiya suke hawa, kuma gawo da kalgon da manoman jiharmu suka riƙa bari suna tsirowa a gonaki tun shekarun 1980 sun ƙara musu wurin sauka.

A makwanci ana isa da la'asar sakaliya, awa guda kafin magariba. Ku tsaya nesa, rana a bayanku, kada kowa ya shiga cikin ciyawar. Mutum biyu su ƙirga kowa da kansa ba tare da sun ji na juna ba, a gwada daga baya. In tazarar ta yi yawa a rubuta duka biyun. Ana ƙirga masu shigowa, a cire masu fita. In garke ya yi yawa ba a bin ɗaya-ɗaya: ka ƙirga goma da kyau, ka riƙe girman wannan goman a idonka, ka riƙa aza shi bisa sauran. Ku gwada wannan a aji tukuna, a watsa tsabar gero ko ƙwayar wake a faranti, kowa ya kimanta cikin daƙiƙa biyar, sannan a ƙirga na gaske. Za ka ga kusan kowa yana rage adadi in abin ya yi yawa. Da safe bayan sun tashi kuna iya shiga ku tsinci ɗan curin da suke amayarwa, na abin da cikinsu bai narkar ba. A jiƙa shi a ruwa a warware da tsinke, za ku ga muƙamuƙan fara da ƙafafunta, wani lokaci gashin ɓera ko ƙashin ƙadangare.

Tsayuwa wuri ɗaya ma ba a hana ba, musamman daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba. Rufin makaranta ko bakin tudun da ke kallon gulbi ya isa, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, kowace awa da layinta. Nan ne tambayarka ta maimaitawa ta fi ƙarfi, don shirwar unguwa za ta wuce ku sau ashirin. Ƙa'idar ita ce, mai wucewa shi ne wanda ya fito daga arewa, ya yi jewa ya hau, ya zurara kudu har ya ɓace, kuma sai an bi shi da ido har ɓacewar kafin a rubuta. Masu kai da kawo kuwa ba a tara su. Ana rubuta adadi mafi yawa da aka gani a lokaci guda cikin awar. An ce angulu ba ta jewar banza, to in kun ga jewar da ba ta gaba ba ta baya, mushe ne ko juji a ƙasa, ba ƙaura ba.

Kayan aiki ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 guda ɗaya ko biyu ya ishi ƙungiya, da agogo, da takarda da fensir, da wayar da ke nuna wuri. Amma ka nemi takardar shaida daga shugaban makaranta, ka gaida mai gari kafin ku fara, ka kuma sanar da ma'aikatan gandun daji. A halin da ake ciki, mutum da madubin hangen nesa a bakin hanya abin tambaya ne, kuma kada a ɗaga shi kusa da barikin soja, shingen jami'an tsaro ko filin jirgi. Wasu sassan kan iyaka ta wajen Madarunfa da Gidan Runji suna fama da 'yan bindiga. Babu tsuntsun da ya kai a kai ɗan mutane can.

Sakamakonku kada ya kwanta a aljihun tebur. Akwai eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye na duniya ke rubuta abin da suka gani, akwai kuma rumbun bayanan tsuntsayen Afirka ta Yamma da ya faro da Nijar, WABDaB, duka ana shigar da bayanai kyauta ta intanet, kuma yankinmu na cikin wuraren da bayanansu suka yi ƙaranci. Ka kuma kai kwafi sashen kimiyya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Sai dai abu guda: sheƙar angulu ko makwancinta ba a sa wurinsu a Facebook. Akwai masu farautarta don sayar da kai da ƙafafu ga masu magani. Wata farar angulu da aka ɗaura wa na'ura a Girka a 2013, aka sa mata suna Paschalis, ta tsallake teku da sahara lafiya, aka harbe ta a jihar Damagaram a farkon 2014.

In wani ya kawo muku tsuntsu matacce ko wanda aka kama da zobe a ƙafa ko 'yar na'ura a baya, ku kwantar wa mutane da hankali cewa masu bincike ne suka sa masa, ba kayan leƙen asiri ba ne, don wannan zargin ya sha jawo a kashe tsuntsu. Ku ɗauki hoton zoben ta kowane gefe yadda lambobi da sunan ƙasar za su fito, ku rubuta rana da wurin da aka same shi, ku miƙa wa ma'aikatan gandun daji. In yana da rai kuma bai ji rauni ba, a sake shi da zobensa a ƙafa.